Yadda Ake Auna Damtsen Yaro Don Gano Tamowa

Wannan awo na yara ne daga wata 6 zuwa 59.

1. Ki tuɓe masa riga, ki lanƙwasa hannunsa na hagu, ki nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu.

2. Ki saki hannun ya miƙe, sannan ki zagaya tef ɗin awo mai launin kore, ruwan ɗorawa da ja a wurin. Nan ake yawan kuskure: in kin matse, lafiyayye zai iya fitowa ja, in kin sassauta, mai tamowa zai iya tsallakewa. Tef ɗin ya kwanta kan fata kawai. Ki maimaita.

3. Kore, santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Ruwan ɗorawa, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da 11.5, asibiti yau.

4. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu daƙiƙa 3. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da tef ya nuna kore.