Kurakuran da iyalai suka fi yi a ranar farko ta koyon tuƙa kayak a dam

Ka je bakin dam da hantsi, za ka tarar da ruwa kwance luf kamar an shimfiɗa tabarma. Wannan kwanciyar ce take sa magidanci ya saki jiki, ya ɗauka wurin wasa ne ya kawo iyalinsa. Amma dam kogi ne aka tare. Tiga da aka kammala a 1974 da Kainji da aka gama a 1968 duk sun haɗiye gonaki da kwaruruka da itatuwa, kuma suna nan a ƙasan ruwan. Taku uku kana iya gwiwa, na huɗu ƙasa ta ɓace maka.

Kayak ɗan ƙaramin kwalekwale ne siriri, na mutum ɗaya ko biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na yankin ƙanƙara, can arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka shi da fatar dabbar ruwa don farauta. Na yanzu yawanci na roba ne, kuma ana samun masu ba da hayarsa a wurare irin su tafkin Jabi a Abuja. Abin da ya raba shi da kwalekwalen masunta shi ne filafilinsa baki biyu ne, kuma zama ake yi dirshan a ƙasa, ƙafafu a miƙe. Koyonsa ba wuya. Yaro ɗan shekara goma yana iya kama hannu a wuni guda. Abin da na lura shi ne yawancin kurakuran tun a tudu ake tafka su, kafin ƙafa ta taɓa ruwa.

Rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, ita ce kan gaba, kuma a kanta zan fi daɗewa. Sau nawa na ji magidanci yana cewa, "Malam, ba yara dai, ni a bakin kogi na tashi." Iya iyo ba ya amfanar wanda ya faɗa ruwa ba shiri, ya shaƙi ruwa, ko jirgin ya buge shi a ka. Kuma idan uba ya ƙi sawa, ɗansa ma zai kwance tasa da zarar an juya baya. Wasu kuma sun sa, amma sawar banza. Ranar da na fara kai ƙaramar 'yata, mai hayar ya miƙo mata rigar manya, ya ce ai duk ɗaya ne. Na ɗaure mata, na sa yatsu biyu a kafaɗun rigar na ɗaga sama. Sai rigar ta zamo ta rufe mata kunnuwa, idanunta kawai nake gani. Haka za ta yi mata a cikin ruwa: rigar ta taso, yarinyar ta zurma. Ban bari ta shiga ba sai da aka nemo daidai jikinta. Ku yi wannan gwajin ga kowa. A ja maɗauran daga na ƙasa zuwa sama, a ɗaga ta kafaɗa. In ta kai haɓa ko kunne, ta yi girma. Ta ƙananan yara kuma ta kasance mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Rigar da aka zauna a kanta ko aka jingina a baya, daidai take da wadda aka bari a gida.

Sai tufafi. Babbar riga da dogon hijabi da zani mai faɗi, in suka jiƙe, nauyi suke yi su naɗe ƙafa, su maƙale a jikin jirgi. Ba a ce uwargida ta bar suturarta ba. Ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu marar kauri, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin rigar ruwa, ta yadda rigar ce a sama. Goyo kuwa sam kada a shiga da shi. Uwa in ta kife da goyo, kanta ne zai fito sama, na jaririn yana ƙasa. Haka kuma kada a ɗaure yaro da igiya a jikin jirgin wai don kada ya faɗi.

Wannan ya kawo mu kan lodi. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgin da ya ɗauko mutane fiye da ƙima ya nutse, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu. Kayak ya fi wancan jirgin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kujera biyu, mutum biyu. "Ɗan ƙarami ne, a cinya zan riƙe shi" ita ce maganar da ba na so in ji. Babba ya zauna a baya, inda ake sarrafa jirgin kuma yana ganin yaron, yaron a gaba. In yara uku ne, a yi sawu uku.

Wajen shiga, sababbi sukan taka tsakiyar jirgin su miƙe tsaye kamar masu hawa mota. A ja shi zuwa ruwa iya ƙauri, wani ya riƙe, mai shiga ya fara ajiye mazaunansa, sa'annan ya ɗago ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Da an zauna, an zauna ke nan. Na ga wani bawan Allah ya yunƙura zai miƙe don ya ɗauki matarsa hoto, bai kai ga miƙewar ba sai ga shi a ruwa, waya ta tafi. Allah ya sa a bakin gaɓa ne.

Riƙon filafili kuwa, ga ma'auninsa: ɗora tsakiyarsa a ka, ka buɗe hannaye har gwiwoyin hannu su yi kusurwa kamar ta bango. Nan ne mariƙarka. Ɓangaren bakin da ya lotsa kamar cokali shi ke fuskantarka. Kada ka damƙe kamar mai riƙon tabarya, tafin hannu zai yi bororo kafin rabin awa. Mafi yawan masu koyo da damtse suke ja, shi ya sa suke gajiya da wuri. Ƙugu da gadon baya su ne masu aikin: ka tsoma bakin filafilin daidai yatsun ƙafarka, ka juya ƙirjinka, ka cire shi in ya zo daidai kwankwaso, ƙafarka tana tokare da matokari. In jirgin yana ta zagaye wuri ɗaya, hannunka mai ƙarfi ne yake rinjayar ɗaya. Rage masa ƙarfi, ka ɗaga kai ka kafa ido a kan wata bishiya can gaba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a dam iska ce. Faɗin ruwan ba abin da ke tare ta, kayak kuma ba nauyi. Iyali su fita iska tana tura su ta baya, suna murna wai sun iya, sai an juyo a ga gaɓa ta yi nisa, hannu ya mutu. Ku fara tafiya kuna fuskantar iskar, don ta rako ku gida lokacin da kuka gaji. Ku bi gefen gaɓa, kada ku ratsa tsakiya. Safiya ta fi lafiya. Da damina, da zarar gabas ta haɗe ko an ji cida, a fito nan take, don iskar da ke gaban hadari kan iso kafin ɗigon farko, kuma mai zama a tsakiyar ruwa shi ne abu mafi tsayi ga tsawa. Da hunturu kuma ga sanyin ruwa ga hazo mai ɓatar da gaɓa.

Kafin ku shiga, ku je ku gaisa da masuntan wurin ko Sarkin Ruwa. Su suka san inda kututture yake, inda suka shimfiɗa taru da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da ko akwai kada ko dorina. Bangon dam da ƙofofin sakin ruwa kuwa ko kusa kada a je, ruwan wurin ja yake yi ta ƙasa ko da samansa shiru.

Darasin da ake yawan tsallakewa shi ne na kifewa. Kowa yana gudunsa, alhali gara a kife da gangan a ruwa iya ƙirji, mai koyarwa yana tsaye, da a fara ɗanɗana shi a zurfi. Yaron da ya taɓa faɗawa ya ji riga ta ɗago shi ba ya firgita karo na biyu. Ku koya masa kada ya saki jirgin ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa, jirgin ba ya nutsewa da sauri kuma ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa. Ku rataya wa kowa usur a rigarsa, bushi uku alamar neman taimako ce.

Akwai kuma tsargiya, wadda ba a ganinta a ranar. Ƙwayarta tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa marar gudu, musamman gefen da ciyawa ta yi yawa, ta ratsa fata. Don haka a zaɓi gaɓa mai tsabta wajen shiga, kada a bar yara suna ta wasa cikin ciyayi bayan an fito, a goge jiki sosai a canza kaya. In bayan wasu makonni yaro ya yi zazzaɓi, ko daga baya aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti a gaya wa likita cewa ya shiga ruwan dam. Maganinta Praziquantel ne, kuma da awon nauyin yaron ake ba da shi.