Yadda Ake Bin Sawun Taɓawa Daga Gilashin Waya Zuwa Manhaja

Kafin ka miƙa wayarka ga mai gyara a Katsina ya ce maka sai an canza sikirin, ya kamata ka san hanyar da taɓawar yatsa take bi, domin ba kowace matsala ce take buƙatar sabon gilashi ba.

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin gilashin. Akwai siraran layuka masu ɗaukar lantarki waɗanda ido ba ya gani, an saƙa su kamar tabarma, wasu a tsaye wasu a kwance. Idan yatsa ya sauka, yakan sauya ɗan cajin da ke mahaɗar layukan, sai wata ƙaramar na'ura da ke duba su sau 60 ko 120 ko fiye a kowace daƙiƙa ta lissafa wurin. Shi ya sa safar hannu mai kauri ba ta aiki, kuma da hunturu, idan fata ta bushe ta yi kaushi, wayar kan yi kamar ba ta ji.

Daga nan lissafin yakan isa ga Linux, wato tushen manhajar da ke sarrafa kayan cikin waya, wanda a kansa aka gina Android. Wani sashe na Android mai suna InputReader yana karanta saƙon, InputDispatcher kuma ya miƙa shi ga manhajar da ke wurin da aka taɓa. Abin da manhaja take samu bai wuce labarin saukar yatsa da motsinsa da ɗagawarsa ba, kuma daga nan ake bambanta ƙwanƙwasawa da ja da dogon danni. Idan ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa ba, Android zai tambaye ka ko a rufe ta.

Domin ka gani da idonka, shiga Settings, ka nemi About phone, ka danna Build number sau 7, wanda zai fito maka da ɓoyayyen sashe mai suna Developer options. Wurinsa yakan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Samsung. Sannan ka buɗe Developer options ka kunna Pointer location, ka ja yatsa a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, za ka ga layi yana bin sa.

Idan layin yana yankewa a wuri ɗaya duk lokacin da ka bi ta can, laifin gilashin ne ko igiyarsa, kuma mai gyara ya yi gaskiya. Idan ya fita sumul amma manhaja ta ƙi motsi, to saƙon ya iso, ita ce ta maƙale. Kunna wayar a Safe mode, wato yanayin da ke dakatar da manhajojin da ka sauke da kanka, ka sake gwadawa. Idan kuwa ɗigo-ɗigo suna fitowa alhali ba ka taɓa komai ba, zare caja tukuna, ka goge gumi ko danshi da ƙyalle busasshe, domin caja maras kyau takan jefa hargitsin lantarki cikin layukan, na'urar ta ɗauka yatsa ne.