Yadda za ka shirya hutu a Dubai ba tare da ka dawo kana cizon yatsa ba

Duk wanda ya tambaye ni ko Dubai ta kai a kashe mata kuɗi, tambayata gare shi ita ce: wane wata za ka je? Daga Yuni zuwa Satumba zafi yakan haura digiri 40, ga gumi na bakin teku, sai ka ƙare hutunka a cikin manyan kantuna. Ka sa tafiyarka tsakanin Nuwamba da Maris. Masauki ya fi tsada a lokacin, amma sannan ne za ka iya taka garin da ƙafarka. Kada kuma ka biya kuɗin jirgi sai biza ta fito.

Ka nemi masauki a Deira ko Bur Dubai, ɓangarori biyu na tsohon garin, kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin gari, ka sayi katin Nol na biyan kuɗin shiga jirgin. Jirgin ba shi da direba, tun 2009 yake aiki, ya kuma fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai taragon mata da yara, namiji ya shiga tara ce. Ba a ci, ba a sha a ciki.

Ginin Burj Khalifa mai tsawon mita 828 hawa ɗaya ya ishe ka. Ka sayi tikiti ta intanet, na faɗuwar rana ya fi tsada.

Ni dai inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne mashigin ruwan da ya raba tsohon garin biyu. Ka shiga kwale-kwalen katako da suke kira abra, dirhami 1 ya tsallakar da kai tare da leburori da 'yan kasuwa. A tsallaken Deira akwai kasuwar kayan ƙamshi da ta zinariya. Farashin giram na ranar yana nan a allo, ba a taya shi. Ladan ƙira ake tayawa, don haka ka ce a ware maka su daban kafin ka buɗe baki. Da yamma ka koma unguwar Al Fahidi ka ga gidajen da aka yi wa hasumiyar kama iska tun kafin zuwan lantarki. Nan ne za ka gane cewa garin masunta ne da masu nutso neman lu'ulu'u.

Kada ka ɗauki hoton kowa ba izini, musamman mata, doka ta hana. In kana da rarar yini guda, ka nufi Abu Dhabi, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota, ka yi salla a Masallacin Sheikh Zayed. Shiga kyauta ce.