Darasi na 9: Cikinka da Abincinka

Ran da na tambayi ajinmu na yamma a Garwa, a ƙasar Kamaru, ko akwai mai fama da ciki, hannuwa suka tashi ta ko'ina. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta ce, "Malam, ni na bar wake, na bar tsamiya, na bar nono, na bar yaji. Farin kunu kaɗai ya rage mini, kuma cikin bai lafa ba." Na dubi wuyan hannunta, duk ta zube. Na ce, "Inna, wa ya hana ki duk waɗannan?" Ta ce 'yan dubiya ne, kowa ya zo sai ya cire mata abu ɗaya.

Saboda ita na rubuta wannan darasi. Cututtuka da yawa muke kira da suna ɗaya, ciwon ciki, alhali kowacce da hanyarta. Wata gyaran cin abinci take so, wata maganin 'yan kwanaki, wata kuwa sai an garzaya asibiti. A karanta a hankali, mai karatu ya ɗaga murya don na kusa da shi ya ji.

Ƙwannafi

A cikin tumbin mutum akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai, shi ke narkar da abinci. A bakin tumbin akwai 'yar ƙofa ta tsoka da ke rufewa bayan loma ta wuce. In ta saki, ruwan ya taso sama, sai ƙirji ya ɗauki zafi, baki ya yi tsami. Cika ciki na jawo haka, da abinci mai maiƙo, da shayi mai kauri, da goro, da taba. Mai juna biyu ma takan yi fama da shi. Amma abin da na fi gani a gidajenmu shi ne kwanciya da zarar an wanke hannu daga tuwon dare.

Ka bar awa 3 tsakanin cin dare da kwanciya. Ka ci kaɗan-kaɗan. In kana da gado, sa bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa na wajen kai, ka kwanta ta gefen hagu. Da azumi, musamman in ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, ka buɗe baki da ruwa da dabino da kunu, ka yi salla, sannan ka ci sauran. Na san jiƙon kanwa yana kwantar da zafin nan take. Sai dai kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya nisance ta, sauran mutane ma kada su mai da ita abin sha na kullum.

Gyambon ciki

Shi ne ake kira olsa: miki ne a jikin tumbi ko a farkon hanji. Yana ciwo a saman cibiya, sau da yawa in ciki ba kome ko da tsakar dare. Mun taso muna jin ana cewa yunwa da barkono ke kawo shi. Gaskiya suna tsokano ciwon, amma masu haƙa mikin guda biyu ne.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Takan shiga mutum tun yana yaro, ta ruwa da abinci marasa tsabta, ta zauna shekaru. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano aikinta a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa a 1984, cikinsa ya kamu, ya nuna wa duniya. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Abin daɗi a labarin nan shi ne olsa tana warkewa. Likita kan haɗa magunguna masu kashe ƙwayar da mai rage tsamin ciki, irin su omeprazole, a sha kwana 10 zuwa 14. Wanda ya ji sauƙi a kwana na 4 ya ajiye magani, ya bar ƙwayar da rai, kuma ta ƙara taurin kai.

Na biyu yana cikin tiren mai tallan magani. Diclofenac, ibuprofen da aspirin, waɗanda ɗan dako da ɗan acaba da mai aikin gonar auduga ke haɗiya don ciwon jiki, suna cinye rigar da ke kare tumbi. Wani ma da shayin safe yake sha, ciki ba kome. Mai olsa ya bar su sam. In ciwon jiki ya dame shi, paracetamol ya fi masa sauƙi, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Madara kuma, da ake cewa maganin olsa ce, tana sanyaya ciki na ɗan lokaci ne kawai, ba ta rufe miki.

Idan bahaya ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aka yi aman jini, ko ciki ya ƙulle ya yi tauri kamar katako, a tafi asibiti a ranar. Haka in mutum yana ramewa ba dalili, ko loma na maƙale masa. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wurin awo ita ma tana baƙanta bahaya, don haka mai shan ta ta gaya wa ma'aikacin jinya.

Madara da alkama

Akwai wanda in ya sha madara sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, iska ta dame shi, wani lokaci har da gudawa. Hanjinsa ne ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara. Wannan ba ya kisa. Yawancin masu shi suna iya shan kindirmo ko nonon da ya yi tsami, don tsamin ya riga ya cinye wani sashe na sukarin. A gwada ludayi ɗaya da fura a gani. Kaɗan daga cikin mutane kuma alkama ce ke lalata musu hanji, wato burodi, taliya da fanke. Likita ne zai tabbatar da wannan. Gero, dawa, masara, shinkafa da rogo duk ba su da abin da ke cutar da su.

Abincin da jini ya ƙi

Nan nake so kowa ya buɗe kunne. Likitoci na kiran wannan alaji. Jiki ne ke ɗaukar wani abinci kamar abokin gaba, ya tashi faɗa da shi. Gyaɗa, kifi, ƙwai, madara, riɗi da alkama na cikin waɗanda suka fi jawo shi. Alamar takan fito cikin mintoci kaɗan, ba ta cika wuce awa 2 ba: borin jini, ƙaiƙayi, kumburin leɓe da ido, amai.

Wani ɗalibinmu tela ya ba mu labarin ɗansa. Tun yaron na ƙarami aka lura in ya sha kunun gyaɗa jikinsa na yin ruɗu-ruɗu, sai uwar ta daina ba shi. Wata rana da magariba uban ya sayo tsire a bakin kasuwa, ya miƙa masa yanka biyu. Kafin a idar da salla leɓen yaron ya kumbura, muryarsa ta dushe, numfashinsa na fita da ƙara kamar usur. Kakar ta ce a ɗura masa manja. Uban ya ce, "A'a, Hajiya, asibiti za mu." Ya saɓe shi, ya tare babur. Allah ya yi da sauran kwana. Ba wanda ya tuna cewa da ƙuli-ƙuli ake haɗa yajin tsire.

Gyaɗa a ƙasar nan ɓoyayya ce. Tana cikin kilishi, da dakuwa, da miyar yakuwa, da miyar tafasa, da man da aka soya ƙosai. Dafuwa da suya ba sa kashe abin da ke tayar da alaji, kuma ɗan abin da ya maƙale a wuƙa ko muciya ya isa. Abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti ma da gyaɗa da madara ake yin sa, sai uwa ta faɗa tun kafin a miƙa mata. Wanda kifi ne matsalarsa ya tuna da garin busasshen kifin tafkin Lagdo da ake zubawa a miyar kuka.

In numfashi ya sarƙe, ko harshe ya kumbura, ko mutum ya yi luuu zai faɗi, allurar adrenalin ce ke ceton rai, kuma a asibiti take. Kada a ɗura masa kome, kada a sa shi amai. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in kuma numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune. Kada ya miƙe ya yi tafiya. Ko ya warware bayan allura, ya tsaya a duba shi, don abin kan dawo bayan wasu awoyi. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaro.

Ina roƙon iyaye da kakanni abu biyu. Kada a ce wa mai alaji "ɗan taɓa, za ka saba" ko a kira shi mai tsirfa. Kuma kada a hana sauran yaran gida gyaɗa da ƙwai saboda ɗaya, suna bukatar su don gina jiki.

In gudawa ta kama wani, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, a yi ta kurɓa, a ci gaba da cin abinci da shayarwa. In akwai ƙunshin SRO na asibiti, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka haɗa, ya fi.

Aikin gida

Kayan gwangwani da na leda a nan da Faransanci ake rubuta abin da ke cikinsu. Kwafi waɗannan sau 3 a littafinka: arachide, gyaɗa, lait, madara, œuf, ƙwai, poisson, kifi, blé, alkama, sésame, riɗi. Ka nemo ledar biskit ɗaya ka duba ko za ka ga ɗaya daga cikinsu.

Sannan ka ja layi biyu a sabon shafi, ya rabu gida uku. Gidan farko lokaci, na biyu abin da ka ci, na uku abin da ka ji. Misali: ƙarfe 8 na dare, tuwon dawa da miyar kuɓewa da shayi, ƙirji ya yi zafi. Ka yi haka kwana 14. In ka zargi wani abinci, shi kaɗai za ka ajiye na mako 2, sannan ka dawo da shi kaɗan ka gani. Wannan gwaji na masu kumburin ciki da ƙwannafi ne, wanda leɓensa ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe kada ya gwada a gida.

Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya zana hoton abincin, mu rubuta sunan tare a aji. Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin, tare da kwalin duk maganin da ake sha.