Darasi na Tara: Magungunan Rage Shan Giya da Yadda Ake Bi da Illolinsu

A Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago da wuraren da manyan motoci ke kwana a Apapa, giya ba ta wuyar samu. Ana sayar da ita a kwalba, ana sayar da ita a 'yar leda, ana kuma jiƙa saiwoyi da ita a kira ta maganin basir ko na ciwon baya. Ɗan ci-rani da ya fara da kurɓi ɗaya don ya kashe gajiya yana iya wayar gari wata rana hannunsa na rawa, ba zai daina ba sai ya sha. A cikin jama'armu abin kunya ne, haramun ne kuma ga Musulmi, don haka mai fama da shi yakan ɓoye har hanta ta lalace. Wa'azi da addu'a suna da muhimmanci, amma idan jiki ya riga ya kamu, cuta ce da asibiti ke da maganinta. Sai dai maganin yana da tsari, kuma tsallake matakinsa na farko yana iya kashe mutum.

Fara da lissafi

Likita zai tambayi nawa kake sha. "Kaɗan" ba amsa ba ce. Ma'auni ɗaya a wurin likitoci shi ne giram 10 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, wadda aka rubuta 5% a jikinta, tana ɗauke da giram 24, kusan ma'auni biyu da rabi ke nan. Ledar barasa mai zafi ta mililita 30 da aka rubuta 40% kusan ma'auni ɗaya ce. Ogogoro, paraga da burkutu ba su da rubutu a jiki, sai ka faɗi girman kofin da yawan zubawa. Ka samu takarda ka riƙa rubuta abin da ka sha kowace rana har mako guda, ka tafi da ita asibiti.

Kada a yanke rana ɗaya

Mutumin da ke sha da yawa kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki ƙarƙashin danniyar barasa. In aka janye ta farat ɗaya, jijiyoyi sai su zabura. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara makyarkyata, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Mafi haɗari yakan zo a rana ta biyu zuwa ta huɗu: ruɗewa, zazzaɓi, ganin ƙwari ko mutanen da babu su, zuciya na bugawa da sauri. 'Yan uwa sukan ce aljanu ne, su kulle shi a ɗaki ko su ɗaure shi. Wannan kuskure ne da ke cin rai. Asibiti za a kai shi nan take. A Legas ana kiran 112 ko 767 don neman agajin gaggawa.

Shi ya sa ake fara da abin da ake kira wankin jiki, a hannun likita. Ana ba da Diazepam ko Chlordiazepoxide na kwanaki kaɗan, galibi kamar mako guda, ana rage yawansa kowace rana har a tsaya. Ana haɗawa da Thiamine, wato bitamin B1, saboda mashayi yakan rasa shi, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya daina riƙe abin da aka faɗa masa ɗazu. Duk wanda ya taɓa jijjiga a wani yunƙurin dainawa, ko yake da ciwon hanta, ko babu mai kula da shi a masauki, kwantar da shi ya kamata a yi. Kada wani ya sayi Diazepam a kemis ya ce zai yi wa kansa. Shi ma yana kama jiki, haɗa shi da giya kuma yana tsayar da numfashi.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba masu fama da shaye-shaye, haka ma sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Zuwa Yaba ba ya nufin an haukace. Likitocin wannan fanni su ne suka fi sanin aikin.

Kafin a rubuta maganin da za a daɗe ana sha, za a ɗebi jini a duba hanta da ƙoda, a yi wa mace gwajin ciki, sau da yawa kuma a duba ciwon hanta nau'in B da C. Sakamakon ne zai nuna wanne ya dace cikin magunguna uku.

Naltrexone

Giya tana sa ƙwaƙwalwa ta saki wasu sinadarai masu kawo jin daɗi. Naltrexone yana toshe wurin da suke sauka. Mutum zai iya sha, amma daɗin da ke sa a ƙara kwalba ta biyu da ta uku ya ragu, kwaɗayin ma yakan lafa. Ba ya hana buguwa: wanda ya sha ba zai hau babur ko ya ja mota ba. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 50 a rana. Yawanci likita yakan ce a fara da rabi, miligiram 25, na 'yan kwanakin farko don ciki ya saba. Akwai na allura, miligiram 380 sau ɗaya a wata, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Ga wurin da muke son kowa ya natsu. Tramadol, kodin, Pentazocine da mofin duk a wurin da Naltrexone ke toshewa suke aiki. Wanda jikinsa ya saba da ɗayansu, in ya haɗiyi Naltrexone, cikin ɗan lokaci zai shiga mawuyacin hali: amai, gudawa, murɗar ciki, ciwon ƙashi, gumi da firgita, har sai an kwantar da shi. Dole a yi kwana 7 zuwa 10 babu ko ɗaya daga cikinsu a jiki kafin ƙwayar farko. 'Yan dako da masu tura baro da yawa suna shan tiramol, wato Tramadol, don ƙarfin aiki, ba sa ma lissafa shi cikin shaye-shaye. Ga yadda ya kamata maganar ta kasance:

"Malam, ban da giya, kana shan wani abu?"

"Ranka ya daɗe, ina shan tiramol ja guda biyu da safe kafin in fita aiki. Jiya ma na sha."

"Madalla da ka faɗa. Yau ba za mu fara ba, sai mun raba ka da shi tukuna."

Likita ba ɗan sanda ba ne, abin da ka faɗa masa sirri ne. Mai cutar sikila ko wani ciwo da ke buƙatar waɗannan magunguna masu ƙarfi, Naltrexone bai dace da shi ba. Wanda ke shan sa kuma ya rubuta sunan maganin a takarda ya sa a aljihu. In an yi haɗari a hanya, ma'aikatan asibiti za su san allurar kashe zafin da suka saba yi ba za ta kama ba, su nemi wata. Kada kuma a yi ƙoƙarin danne maganin da tiramol mai yawa, kada a koma wa adadin tiramol da aka saba bayan an daina Naltrexone, domin jiki ya daina jurewa, abin da a da ba ya komai yanzu yana iya tsayar da numfashi.

Illar da ta fi yawa ita ce tashin zuciya, sai ciwon kai, jiri, kasala da rashin barci. Galibi suna wucewa cikin mako ɗaya ko biyu, amma a nan ne mutane da dama ke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba. A sha shi bayan an ci abinci, ba da wofin ciki ba. Koko, burodi ko tuwo marar mai da yawa sun fi soyayyen abu da yaji. Shayin citta yana taimaka wa wasu. In yana sa ka barci, mai da shi dare. In yana hana ka barci, mai da shi safe. In tashin zuciyar ya ƙi, a koma wurin likita ya mai da kai rabin ƙwaya na wasu kwanaki. Ciwon kai kuwa a sha ruwa sosai, a sha farasitamol kaɗan. Ga wanda ya daɗe yana shan giya, likitoci da yawa ba sa son a wuce giram 2 a rana, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500, saboda hanta.

A tsayar da maganin a tafi asibiti ranar idan ido ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ƙasan haƙarƙarin dama na ciwo.

Acamprosate

Wannan na wanda ya riga ya daina ne, yana son ya tsaya a kan haka. Yana kwantar da zaburar ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan dainawa, irin rashin sukunin da ke mai da mutum ruwa bayan wata guda. Ƙwayar miligiram 333 ce. Mai nauyin kilo 60 ko fiye yana shan biyu sau uku a rana, shida ke nan. Wanda bai kai ba yakan sha huɗu: biyu da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. A haɗiye ta ɗungum, kada a tauna ko a daka, domin an lulluɓe ta ne don ta wuce tumbi kafin ta narke. Ta ƙoda yake fita, saboda haka ya fi sauƙi ga mai raunin hanta, amma ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani.

Babbar illarsa gudawa ce da kumburin ciki. A sha ruwan gishiri da sukari na leda, a dama leda ɗaya a ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikinta, a ci gaba da maganin. Gudawar da ta wuce kwana biyu tana tsananta, ko ta zo da jini ko zazzaɓi, ta likita ce. Wahalarsa ta gaske ita ce mantuwa. A ɗaura shi da sallar asuba, azahar da isha, ko a sa ƙararrawa a waya. In lokaci ya wuce, kada a ninka na gaba. Kafin azumin Ramadan a tambayi likita yadda za a raba ƙwayoyin.

Disulfiram

Shi ne mafi daɗewa, an amince da shi a Amurka tun 1951, kuma shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Ba ya rage kwaɗayi. Yana hana hanta ƙarasa narkar da barasa, sai wani dafi ya taru a jini. Minti 10 zuwa 30 bayan kurɓi kaɗan, fuska ta yi zafi, kai ya sara, amai ya zo, zuciya ta buga, jini ya sauka. Mai ciwon zuciya yana iya mutuwa. Ana shan miligiram 200 ko 250 a rana, ba a farawa sai an yi aƙalla yini da kwana babu giya, kuma ƙarfinsa yana iya kai mako biyu a jiki bayan ƙwayar ƙarshe.

A Legas barasa tana ɓuya a wurare da yawa: agbo, wato jiƙon saiwoyi, da aka jiƙa da ogogoro, magungunan ɗaci na kwalba, wasu magungunan tari da na ƙarin jini, ruwan kurkure baki, turaren fesawa da man tsabtace hannu. A karanta jikin kwalba, in an ga Alcohol ko Ethanol a ajiye ta. Ba a haɗa shi da Metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl. Illolinsa na yau da kullum su ne barci, kasala, ƙurajen fata da ɗanɗanon ƙarfe ko tafarnuwa a baki. Shan sa da dare yana rage damuwar barcin. Mutuwar yatsun hannu ko na ƙafa, ruɗewa, ko alamun shawara, a tsaya a ga likita.

Muna jan kunnen mata da iyaye da babbar murya: kada a zuba wa mutum wannan magani a abinci ba da saninsa ba, komai ƙunar zuciya. Zai fita ya sha yadda ya saba, ya faɗi a inda babu mai sanin abin da ya same shi. Amfaninsa yana fitowa ne idan mai shan ya yarda da kansa, wani amintacce kuma yana ganin ya haɗiye kowace rana.

Tsawon lokaci da tuntuɓe

Naltrexone da Acamprosate akan sha su wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye. Ba sa kama jiki, ba sa bugarwa. Ba kowane kemis ke ajiye su ba, don haka a nemi na gaba tun saura mako guda, a kantin magani mai rajista, da takardar likita, a duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Kada a saya a hannun masu talla a cikin mota ko a gefen titi.

Idan an yi tuntuɓe an sha, mai Naltrexone ko Acamprosate ya ci gaba da ƙwayarsa, ya rubuta abin da ya sha da abin da ya ja shi, ya kai wa likita. In an yi mako huɗu zuwa shida ana shan giya yadda aka saba, likita zai sake duba tsarin, wataƙila ya canza magani. Ƙwaya ba ta canza abokan zama ko hanyar dawowa daga aiki, shi ya sa ake haɗa ta da zaman shawara a asibiti, da wani na kusa da ya san halin da ake ciki, ko ɗan uwa ko limamin unguwa. Bayan an daina giya wasu sukan shiga baƙin ciki mai nauyi. Duk wanda ya fara tunanin kashe kansa, a raka shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Aikin aji: wani yana shan manyan kwalabe biyu da leda huɗu kowane dare. Ku lissafa ma'auni nawa ke nan a rana da kuma a mako, sannan kowa ya rubuta a littafinsa jimla uku da mutumin zai faɗa wa likita a zuwansa na farko.