Metron Alƙahira: kurakuran da mutanenmu suka fi yi

Duk shekara ɗalibai na tashi daga Njamena, Garwa da Marwa zuwa Azhar, ga kuma masu kai iyaye asibitocin Masar. Abin da ke damuna, da yawansu sai su shafe watanni suna zuba wa masu tasi kuɗin guzurinsu don tsoron jirgin ƙarƙashin ƙasa, alhali ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma cunkoson titi bai shafe shi ba. Tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a Afirka.

Babban kuskure shi ne neman sunan tashar da za ka sauka a allunan da ke nuna hanyar shiga jirgi. Ba za ka gan shi ba. Sunan tashar ƙarshe suke ɗauke da shi, don haka bakin kowane layi za ka haddace. Layi na 1 daga Helwan yake a kudu zuwa Sabuwar Marg, tasha 35. Layi na 2, wanda aka fara buɗewa a 1996 kuma yake bi ta ƙarƙashin kogin Nilu, daga Shubra ne zuwa Munib. Na 3 ya fara aiki a 2012, shi ne mai rikita baƙo: yana tasowa daga Adli Mansur a gabas, amma bayan tashar Kit Kat sai ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Mihwar Rod al-Farag, ɗaya Jami'ar Alƙahira. Duba abin da aka rubuta a goshin jirgin kafin ka sa ƙafa. In kuwa ka riga ka yi baya, kada ka fita ƙofar tasha. Sauka a ta gaba, ka tambayi ma'aikaci yadda za ka koma ɗaya ɓangaren.

Wajen canjin layi ma ana ruɗewa. Sadat da Shuhada ne ke haɗa na 1 da na 2, Ataba da Jami'ar Alƙahira na 2 da na 3, Nasir na 1 da na 3. In wani dattijo da ya yi karatu can a da ya ce maka ka sauka a Mubarak, Shuhada yake nufi, a 2011 aka sauya sunan.

Sai tikiti. Kada ka yar da shi bayan ka shiga, da shi za ka fita, kuma akwai tara. Kuɗin ya danganta da yawan tashoshi, saboda haka faɗa wa mai sayarwa inda za ka. Farashin kan canza, kar ka dogara da na bakin wanda ya dawo bara.

Wanda ya saba da jirgin Ngawundare zuwa Yawunde yakan zauna har sai jirgi ya tsaya kafin ya fara tattara kaya. A nan tsayuwar 'yar kaɗan ce, ƙofa kuma da kanta take rufewa. Matso bakin ƙofa tun ana saura tasha ɗaya.

Taragun tsakiya na mata ne, namiji ba ya shiga ko da tare da mahaifiyarsa yake. Ita kuwa tana da damar shiga kowanne. In Hajiya ba ta da lafiya, kada ku rabu, ku shiga tarago na kowa tare, kuma don Allah ku kauce wa safiya da lokacin tashi daga aiki, domin turmutsitsin Shuhada ba na mara lafiya ba ne.

Metro bai kai filin jirgin sama ba, ranar isowa sai mota. Tashar Giza ma ba a gindin dalar Fir'auna take ba, da sauran tafiya. Mai zuwa masallacin Azhar ya sauka a Ataba ko Bab Sha'ariya, ya ƙarasa da ƙafa ko ƙaramar mota.