Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sabunta Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙaton Inji

Daga shekarar 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya sa ƙaton inji mai silinda takwas a cikin motarsa ta Tempest ya raɗa mata suna GTO, zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, sun yi ta rige-rigen fitar da motoci masu matsakaicin jiki da ƙarfin da ya fi ƙarfin jikin. Tsadar inshora da dokokin rage hayaƙi da ƙarancin mai na 1973 su suka taru suka kawo ƙarshen wannan zamani. Duk wadda ta rage a cikinsu yau ta haura shekara hamsin, don haka da wuya a ga wadda hannun mai gyara bai taɓa ba, kuma darajar kowacce tana rataye ne a kan yadda aka yi gyaran.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna mota da ƙyallin fentinta, musamman ga mai saye ta hanyar hotunan intanet, wanda cinikin biri a sama ne. Fenti shi ne abu mafi saurin yi kuma mafi iya rufa asiri, alhali abin da ke cinye waɗannan motoci tsatsa ce, kuma ba ta farawa daga inda ido yake gani. Motar da ta yi rayuwarta a Michigan ko Ohio, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, ba za a haɗa ta da wadda ta tsufa a busasshiyar iskar Arizona ba. Chevelle ta Chevrolet da GTO jikinsu a ɗore yake a kan shasi dabam, amma Charger ta Dodge da Barracuda ta Plymouth da Mustang ta Ford jikin ne da kansa yake ɗauke da nauyin motar, saboda haka ruɓewar ƙarfen ƙasansu ba munin gani kaɗai ba ne, haɗari ne. Mai dubawa ya kamata ya sa a ɗaga motar, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya yaye shimfiɗar but ya ga daben, ya shafa gefen gilashin baya da ƙasan rufin leda ko zai ji ƙuraje sun taso. Ya kuma naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ya bi bayan tayoyin baya da gindin ƙofofi da shi; duk inda ya ƙi kamawa, to ba ƙarfe ba ne a wurin, kwaɓin ciko ne aka laɓta aka goge. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen wuri a yi waldar sabon ƙarfe, a ɗauki hoton kowane mataki kafin fenti ya hau, domin waɗannan hotuna su ne shaidar da mai saye na gaba zai nema.

Daga nan sai yarda da tambari, kuma a nan ne ake tafka asara mafi girma. Haruffan SS ko R/T ko GTO da ake maƙalawa a jikin mota ana sayar da sababbinsu a kasuwa da ɗan kuɗi kaɗan, kuma motar da aka haifa da ƙaramin inji tana iya kwana ta tashi da shigar babbar yayarta. Ba laifi ba ne a yi irin wannan kwaikwayo idan an faɗa wa mai saye, laifin shi ne a karɓi kuɗin ta asali. Hanyar tantancewa kuwa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A motocin Dodge da Plymouth na wancan lokaci, harafi na biyar na lambar shasi yana faɗin injin da masana'anta ta sa, kuma a 1970 da 1971 harafin R shi ne alamar Hemi 426, shahararren ƙaton injinsu. Akwai kuma ɗan allon ƙarfe a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da lambobin launi da kayan ƙari, sannan wani lokaci akan tarar da takardar haɗa motar maƙale a cikin sifirin kujerar baya, ta yi ja don tsufa. GTO daga 1966 zuwa 1971 lambar shasinta da 242 take farawa, amma ta 1964 da 1965 ba ta da lambarta dabam, sai an nemi kwafin takardun masana'anta daga Pontiac Historic Services. Masu Ford na 1967 zuwa sama suna da rahoton Marti, wanda ake ciro shi daga bayanan masana'antar Ford. Chevelle SS ta 1970 ita ce mai wuyar sha'ani, domin lambar shasinta ba ta nuna SS ce ko ba ita ba, kuma ga shi wadda take da injin LS6 mai ƙarfin doki 450 tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Idan babu takardar haɗawa ta asali ko katin garanti mai lambobin da suka dace, to mai hankali ya biya kuɗin Malibu mai kyau kawai, wato Chevelle gama-gari, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Akwai wani kuskure mai alaƙa da wannan wanda mai gyara ne yake yi wa kansa, wato zubar da tsofaffin kaya. Tun daga wajajen 1968 ake buga wani yanki na lambar shasi a jikin bulok ɗin inji da akwatin giya, kuma motar da har yanzu take tare da injin da ta fito da shi ta fi wadda aka sauya mata daraja nesa ba kusa ba. Sau da yawa bakanike yakan kai bulok a share masa fuska, injin sharewar ya tafi da lambar gaba ɗaya, abin da kalma ɗaya ta gargaɗi za ta hana. Kafireto da altaneta da ma gilashi duk suna da kwanan watan ƙira, wanda ya kamata ya gabaci ranar haɗa motar da makonni ko 'yan watanni. Ko da kaya ya mutu murus, a wanke shi a rubuta masa suna a adana a kwali. Sake buga lamba a bulok ɗin da ba na motar ba kuwa zamba ce, kuma masana suna gane ta daga siffar haruffa da zanen da injin masana'anta yake bari a fuskar ƙarfen.

Batun launi ya fi sauƙi. Launuka masu tsawa irin su Plum Crazy, shunayyar Dodge mai lamba FC7, suna jan ido a wurin gwanjo, shi ya sa ake ta mayar da koraye da ruwan ƙasa zuwa gare su, amma allon ƙarƙashin bonet yana nan yana faɗin gaskiya. Wuce gona da iri ma kuskure ne. Masana'anta ba ta taɓa goge ƙarƙashin mota ya zama madubi ba; akwai fantsamar fenti da zanen alli na ma'aikata, kuma alƙalan gasar asali suna rage maki idan sun rasa su. Motar da ta tsira da fentinta na farko, ko da ya koɗe, a ganina bai kamata a taɓa ta da injin feshi ba sam, domin sabuntawa ana iya yinta sau goma amma asali sau ɗaya ne.

Sai kurakuran da ba a gani sai an tayar da inji. An ƙera waɗannan injuna ne don fetur mai dalma da ƙarfin oktan mai yawa, wanda aka daina sayar wa motocin titi a Amurka gaba ɗaya a 1996, saboda haka mai niyyar tuƙi mai nisa yakan sa mazaunin bawul mai tauri lokacin haɗa inji. Fetur na yau a can yawanci yana da kashi 10 cikin ɗari na etanol, wanda yake cin tsofaffin robobin mai yana kuma jan danshi idan mota ta daɗe a ajiye. Mafi tsada shi ne na baƙin mai: an rage sinadarin zink a man zamani, kuma kamshaf irin na da yana buƙatarsa, musamman a tashin farko. Wanda ya haɗa sabon inji ya bar shi yana silo don ya ji daɗin gurnaninsa yana iya cinye kamshaf ɗin kafin ya fita gareji. Ka'idar ita ce a zuba mai mai zink, a riƙe injin a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti har kimanin minti ashirin, sannan a sauya mai da filta.

A wajen birki ne kaɗai nake ganin bai dace a yi taurin kai kan asali ba. Yawancin motocin da suka gabaci 1967 layin man birki ɗaya gare su, idan ya fashe duk tayoyi huɗu sun rasa birki lokaci guda, kuma da yawansu ba su da birkin faifai ko a gaba. Mai shiga titi da irin wannan mota ya sa tukunyar birki mai layi biyu, ya adana tsohuwar. Haka taya mai cikakken zane amma ta shekara goma, ita ma a sauya ta; lambobi huɗun da ke gefenta suna faɗin mako da shekarar ƙirarta, kuma robar da ta bushe ba ta san cewa ba a yi tafiya da ita ba.

Lissafin kuɗi ma yana ruɗin mutane. Labarin Hemi Cuda, wato Barracuda mai injin Hemi, ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi da aka sayar dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum na Seattle a 2014 ya sa wasu suna zaton kowace tsohuwar Barracuda taska ce, alhali irin waccan ba su kai ashirin ba aka ƙera. Aikin walda da fenti da kujeru kuɗinsa kusan ɗaya ne ko motar mai silinda shida ce ko Hemi, shi ya sa mota gama-gari takan ci fiye da abin da za ta sayu. Wanda zai fara ya tantance takardu tukuna, sannan ƙarfe, sannan inji da birki, ya bar fenti da kujeru a ƙarshe, kuma kada ya wargaza motar gaba ɗaya sai ya tanadi kuɗin da zai kai ta aƙalla matakin da za ta tsaya a kan tayoyinta, domin motar da ke cikin kwalaye araha ake sayenta.